Dajin Bialowieza: na asali ne, ko gonar katako ce da ta tsufa?

Malam Habu: Jama'a, ina nan a kan bakata. Dajin Bialowieza da ke kan iyakar Poland da Belarus, wanda ake ta kira dajin asali na ƙarshe a shimfiɗar Turai, hannun ɗan Adam ya daɗe a cikinsa. Sarakunan Poland da na Rasha sun mayar da shi wurin farauta, Jamusawa suka yi masa mummunar sara lokacin yaƙin duniya na ɗaya, daga baya aka dasa itatuwan sufurus masu ganye kamar allura a wurare da dama. To da ƙwaron ɓawo ya afka wa sufurus ɗin, ministan muhallin Poland na lokacin, Jan Szyszko, ya ƙara yawan sarar a 2016, ni ban ga laifinsa ba. In ƙwari suka shiga rumbu, ai fitar da abin da ya lalace ake yi.

Hadiza: Allah ya gafarta Malam, dajin ba iri ɗaya ba ne gaba ɗayansa. Akwai ɓangaren da aka killace tun 1921, ya zama gandun ƙasa a 1932, can ba a sara ba a dasa. Shi ma sauran dajin cike yake da kurmin da itatuwansa suka haura shekara 100. Cikin irin waɗannan wuraren aka shigar da injinan sara, nan ne rigimar take.

Malam Habu: 'Yata, shekara 100 kaɗai ta isa a ce daji na asali ne?

Hadiza: A'a Malam, shekaru ba su isa ba. Masana suna duba tsarin dajin ne. Ka tarar da itacen ok mai shekara 400 tsaye, kusa da shi matashin itacen fayin, ƙarƙashinsu ƙananan itatuwa masu faffaɗan ganye suna jiran wani babba ya faɗi su samu rana. Sai kuma gungumen da ke kwance yana ruɓewa shekara da shekaru, gansakuka ta lulluɓe shi, tsiron sufurus ya fito a gadon bayansa. Gonar katako ba ta da wannan, itatuwanta sa'annin juna ne, a jere, ƙasa a share.

Yaya Musa: Ni abin da ke damuna mutanen ƙauyukan wurin. Akwai masu ci daga katako da itacen girki da na ɗumama ɗaki, ga sanyin ƙasar ba wasa ba. Kuma busasshen icce yana iya faɗo wa mai wucewa. Ba a Brussels, hedkwatar Tarayyar Turai, za a ji zafin ba.

Hadiza: Gaskiyarka Yaya, na bakin hanya da ke barazana ga rai ba wanda ya hana a kawar. Ko umarnin da kotun Tarayyar Turai ta bayar a 2017 na dakatar da sara ya bar wannan ƙofar.

Injiniya Bala: Malam Habu, ka yi haƙuri, batun rumbun nan ne bai shige ni ba. Mataccen sufurus da ya bushe tuni ƙwaron ya bar shi, ya koma kan mai rai. Sare shi ba ya tsayar da annoba, sai dai ya kwashe gidan tsuntsun maƙwaƙwafi mai yatsu uku, wanda shi ne ke cin tsutsar ƙwaron. Kuma inda sufurus ya mutu aka bar wurin, itatuwa masu faffaɗan ganye ne ke tasowa da kansu, waɗanda dama ƙasar ta fi dacewa da su. Kotun ta yanke hukunci a Afrilun 2018 cewa Poland ta karya dokar kare muhallin halittu.

Malam Habu: Hukuncin kotu na ji shi, amma kotu ba ta rarraba daji. Ɓaunar Turai ma da ake alfahari da ita a wurin ta ƙare a 1919, sai da mutane suka kiwata ta suka sake sakinta a 1952. Na yarda a bar tsofaffin kurmi yadda suke. Wuraren da aka dasa da hannu kuwa, har gobe ina ganin a bar ma'aikatan daji su yi aikinsu.

Hadiza: To Malam, sai a fara shata iyakar kurmi da wurin dashe a taswira, kowa ya gani, kafin inji ya shiga.