Furen nan mai haƙora na bututun Mario, ya aka yi ya shiga gem ɗin faɗa?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu buga gem, amma ku yi haƙuri in ɗan yi shimfiɗa.

Mu da muka taso a Jekadafari, gem ɗin da muka sani shi ne mai kaset rawaya ɗin nan da ake jonawa a talabijin. Gida ɗaya ke da shi a layinmu. Da an idar da La'asar sai mu cika falon, hannu biyu ne kacal, wanda ya mutu ya miƙa wa na gaba. Super Mario muke bugawa. Abin da ya fi kashe ni kuwa ba kunkurun ba ne, ba kuma ɗan guntun nan mai ruwan ƙasa da ake takewa ba. Furen nan ne da ke leƙowa daga bututu, baki a wangale. A mataki na biyu ake fara gamuwa da shi, inda ake shiga ƙarƙashin ƙasa kiɗa ya canza. Shi ba a taka shi, ka diro masa a ka kai ne a ƙasa. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ya nuna min dabarar: ka matsa ka manne da bututun, ba zai fito ba. Ranar da na gwada na ga gaskiya ne, har gida na tafi ina murna.

To satin da ya wuce ɗan yayata ya zo hutu da Nintendo Switch, ya ce Kawu zo mu buga Super Smash Bros. Ultimate. Ina cikin duba fuskoki, ga Mario, ga Sonic, ga Pikachu, sai yaron ya zaɓi furen nan. Wallahi sai da na ajiye hannun na matso kusa da allon. Ya koma ja mai ɗigon fari, yana tafe da tukunyarsa, yana cizo. Sau biyar a jere ya jefar da ni daga dandamali.

Shin kamfanin ne da kansa ya saka shi, ko yara ne suka yi wa gem ɗin kutse? In kamfanin ne, me ya sa? Sannan ta ina ake ɓullo masa?

Mai Gyaran Waya, Tumfure:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan yayanka. Babu kutse, na kamfani ne. Sunansa Piranha Plant, 'yan Japan kuma Pakkun suke ce masa. Tun Super Mario Bros. na 1985 yake nan.

Gem ɗin da kuka buga ya fito ranar 7 ga Disamba 2018. Furen ba ya cikin waɗanda suka zo da shi. A Nuwamban shekarar Masahiro Sakurai, wanda ke jagorantar Smash tun na farko a 1999, ya sanar da shi, aka sake shi ƙarshen Janairun 2019. Shi ne lamba 70 a jerin mayaƙan gem ɗin. Wanda ya yi rajistar gem ɗinsa kafin watan Janairun ya ƙare kyauta ya samu, bayan nan sai dai saye, kusan dala 5. Ka ga ke nan mai Switch ɗin ko ya yi sammako ko ya biya.

Kuma ba baƙo ba ne a gidan. A Smash na Nintendo 64 akwai filin Mushroom Kingdom, yana leƙowa daga bututu ya ciji wanda ya yi sake. Daga mai gadin bututu ne aka ɗaga shi.

Na Bolari:

Ni fa har yau ban huce ba. Shekara da shekaru mutane na roƙon a saka Waluigi, abokin hamayyar Luigi ɗan uwan Mario, mai suna, mai hali nasa na kansa. Aka bar shi a matsayin ɗan taimako, ya fito ya yi 'yan daƙiƙoƙi ya ɓace, haka ma Hammer Bro mai jifa da guduma. Sai aka ɗauko ciyawa a tukunya aka ba ta kujera. Bowser, babban abokin gabar Mario, sarki ne, King K. Rool na gem ɗin Donkey Kong sarki ne. Wannan fa? Dubu irinsa ne a gem ɗaya.

'Yar Pantami:

Na Bolari, ai yawan nasu shi ne amfaninsa. Ba fure ɗaya aka saka ba, dangin aka tattaro. Ƙwallon ƙarfe mai ƙaya da yake hurawa sama, na ɗan uwansa ne Ptooie na Super Mario Bros. 3. Hayaƙin gubar da yake fesawa daga wanda ke cikin gem ɗin Paper Mario ne. Babban bugunsa na ƙarshe kuma Petey Piranha yake kirawo, ƙaton nan na Super Mario Sunshine, ya zo da keji biyu kamar yadda ya kama gimbiya Peach da gimbiya Zelda a Brawl, wani tsohon Smash.

Malam Ɗan Jekadafari, ni da shi nake bugawa, bari in tona masa asiri. In ka ga ƙwallon na shawagi a kansa kada ka faɗa masa da duka, kana taɓa shi za ta faɗo maka. Hayaƙin ba ya ture mutum, shi ya sa ba ka jin komai alhali lambar rauninka na hawa, to kar ka tsaya a ciki, musamman a bakin dandamali inda yake son ajiye shi. In ya shige tukunya wuya zai miƙo daga nesa, ka kare, yana gamawa ka rufe shi. Yana da nauyi, kuma a sama ba shi da sauri. In ka fitar da shi waje zai dawo yana juya ganyensa kamar farfela, kansa a buɗe yake a lokacin, ta sama za ka dake shi. Ka ɗauki mai zafin nama, ko mai harbi daga nesa irin Samus.

Abu ɗaya da zai burge ka: in ya durƙusa ka ce za ka taka kansa ka yi tsalle, cizonka zai yi.

Ɗan Jekadafari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama 'Yar Pantami, wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Ashe bayan shekara talatin da wani abu ba su mance cewa ba a taka shi ba.

Na Bolari, na fahimce ka, amma ni ban san Waluigi ba sai yau da ka ambace shi. A falon nan na Jekadafari babu wanda ya san sunan furen, duk da haka babu yaron da bai taɓa riƙe numfashi a gaban bututu yana jiran ya koma ciki ba. Ko mahaifiyar yaron da ta leƙo da tiren shayi, Mario da furen kawai ta gane a allon. A wurina ya ci kujerarsa.

Jiya da daddare mun sake zama bayan an kawo wuta. Na ɗauki Samus, na tsaya nesa, na bar ƙwallon ta faɗi tukuna. Ya ci ni uku, na ci shi ɗaya. Ranar Lahadi zai koma makaranta, kafin nan na ce ya nemo min tsohon Marion a Switch ɗin, in nuna masa yadda ake mannewa da bututu.