Noman tabar wiwi a fili lokacin hunturu: abin da kowa ya gani

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shuka tabar wiwi a fili cikin hunturu su faɗa mana abin da suka gani da idonsu. Tambayar ta shafi mazauna ƙasashen da doka ta yarda a noma ta a gida ne kawai, kamar Uruguwai tun 2013, da Kanada tun 2018 inda yawancin larduna suka yarda da tsiro huɗu ga kowane gida, da Jamus tun 2024 da tsiro uku ga baligi. A mafi yawan ƙasashe laifi ne mai kai mutum kurkuku.

Dattijo:
Wa alaikumus salam, Malam. Mutane sukan ɗauka sanyi ne babbar matsala, amma a gogewata tsawon dare ya fi shi tasiri. Wannan tsiro da duhu yake lissafin lokacinsa, domin da zarar dare ya kai kusan awa 12 ba tare da haske ya katse shi ba, sai ya rage yin tsawo ya shiga fure. Waɗanda na fitar fili bayan rana ta gajarta ko gwiwa ba su kai ba suka fara fure, alhali irin nasu da na shuka da bazara sai da ya fi ni tsayi. Abin da na girbe bai taka kara ya karya ba. Wanda ya shiga wannan noma yana tsammanin amfanin bazara zai yi baƙin ciki, kuma ina ganin hakki ne a gaya wa sabon manomi haka tun kafin ya kashe kuɗinsa a kan iri.

Ummu Salma:
Gaskiya ne, Baba. Ni na gwada iri mai fure da kansa, wanda aka samo daga jinsin ruderalis na Rasha da tsakiyar Asiya, wanda ba ruwansa da tsawon dare, sai dai yawan kwanakinsa. Ya yi fure cikin kusan wata ɗaya kamar yadda aka san shi, sai dai hasken hunturu mai rauni ne, don haka furen ya fito sako-sako, ba nauyi.

Abu Hamza:
Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne danshi. Idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 10, girma yakan kusan tsayawa, saiwa ba ta shan ruwa sosai, ƙasa kuma ta daɗe a jiƙe. Ganyen nawa ya koma shunayya, wanda wasu ke murna da shi, amma ni a wurina alamar sanyi ce kawai. Daga baya raɓar asuba ta riƙa kwana cikin furen, funfuna mai launin toka ta kama shi daga ciki, ta yadda waje yana da kyau amma idan ka buɗa sai ka tarar ya ruɓe. Rumfar leda ta kare su daga ƙanƙara, amma tana tara gumi idan ba a buɗe ta da rana iska ta ratsa ba.

Dattijo:
Shi ya sa yanzu nake barin ƙasar ta huta. Ina shuka ciyawa mai ƙara wa ƙasa ƙarfi, in zuba takin gargajiya, in juye su gaba ɗaya kafin bazara, kuma tsiron da ya biyo baya ya fi lafiya a bayyane.

Mai Lambu:
Na gode ƙwarai. Saura mu ji daga mazauna yankunan da hunturunsu ba ya kawo ƙanƙara, ko tsawon daren kaɗai ya isa ya rage musu amfani kamar yadda Baba ya bayyana.