Wai miye bambancin rabo da kaso ne?

Mai_Neman_Sani:
Slm 'yan uwa. Dan Allah masana Hausa ku raba mu gardama, ni da abokina ne muke musu, shi ya ce "ba ni rabona" da "ba ni kasona" duk ɗaya ne, ni kuma a kunnena ba ɗaya ba ne amma na kasa yi masa bayani. Wanne ne daidai in za ka ba mutum nasa?

Dattijon_Zaure:
Wslm. Dukkanku kuna da gaskiya. Kaso daga "kasa" ya fito, wato a jera abu kashi-kashi, shi ya sa ake cewa kasafin kuɗi, ko kashi 10 cikin 100, abu ne na lissafi. Rabo kuwa daga "raba" yake kuma ya fi kaso faɗi nesa ba kusa ba, domin aikin rabawar ma sunansa rabo, abin da ya zo hannunka ma rabo. Duba gado, "rabon gado" ake cewa, amma in mamaci ya bar 'ya'ya matarsa tumuni take samu, ɗaya cikin 8, to wannan kasonta kenan, an san shi tun ba a zauna ba.

Yar_Gidan_Malam:
Baba ka manta ɗaya ai, rabo na nufin abin da Allah ya rubuta maka. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ka taɓa jin an ce kason kwaɗo? hhh. Mace ta samu ciki a ce an samu rabo, har suna ake sawa Rabo. Sannan ga "rabona da shi shekara biyu", nan kam ba abin da aka ba kowa, rabuwa ce kawai.

Sarkin_Musu:
To ni nan nake da matsala wlh, mutum zai danne maka kasonka ƙiri-ƙiri kana magana sai a ce ka yi haƙuri ba rabonka ba ne, alhali ga abin a aljihunsa. In haƙƙinka ne ka ce "kasona" kawai, kar ka ba su ƙofa. In kuma roƙo kake sai ka ce "sam min", wannan ɗan abin da aka tsakura maka ne, ba ka da bakin cewa ya yi kaɗan.

Mai_Neman_Sani:
Na gode sosai. Bari in tura masa, na san sai ya ce shi ne ya yi nasara.