Haidirojin ko batir: wanne zan kama a digirin digirgir?

Ɗalibar Kemistiri:
Assalamu alaikum. Na gama digiri na biyu, malamina kuma ya ba ni zaɓi: ko in shiga binciken raba ruwa da wutar lantarki a fitar da iskar haidirojin, ko in koma ɓangaren batir. Zuciyata ta fi kwanta wa haidirojin, amma ana ta tsorata ni wai fagen ya cika maƙil, kowa sabon katalis (sinadarin da ke hanzarta raba ruwan) yake rubuta wa maƙala. Shekara huɗu ba wasa ba ce. Masu gogewa, ku taimaka da shawara.

Tsohon Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maƙalu ne suka yi yawa, matsalar tana nan daram. A lissafi volt 1.23 ya isa a raba ruwa, amma na'urar gaske sai ta sha 1.8 zuwa 2, kilo ɗaya na haidirojin kuma kan lashe kilowat-awa 50 da ɗoriya. Gefen da oksijin ke fita shi ke jan ƙafa. A na'urar PEM, wato nau'in da ke raba ruwa cikin yanayin asid, ƙarfen iridiyum ne katalis ɗin da ke jure wa asid ɗin wurin, ga shi abin da duk duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawa daga Afirka ta Kudu.

Sai dai ki shirya haƙuri. Ni na yi wata bakwai ina tinƙaho da wani katalis na nikel, har na fara rubuta maƙala. Ashe ɓurɓushin baƙin ƙarfe ne a cikin ruwan KOH (sinadarin potassium hydroxide da nake gwajin a cikinsa) yake yi masa aikin. Ranar da na tsarkake ruwan na sake aunawa, ina kallo layin kan kwamfuta ya zube. Ko abincin rana ban iya ci ba. Idan za ki shiga, ki kama ɓangaren ɗorewa. Yawancinmu awa goma muke gwadawa mu buga, alhali masana'anta dubban awoyi take nema.

Mai Batir:
Malam, ka manta da maganar aiki bayan digiri. Kamfanonin batir suna ɗaukar mutane yanzu-yanzu, haidirojin kuwa har gobe mafi yawansa daga iskar gas ake samarwa. Amma jinkiri kam duka biyun suna da shi: masanin kimiyya John Goodenough ya yi aikinsa kan batirin lithiyum a Jami'ar Oxford a 1980, Sony ta fitar da batirin lithiyum a 1991, kyautar Nobel ba ta zo ba sai 2019, yana da shekara 97.

Ɗalibar Kemistiri:
Na gode ƙwarai. Malam, wallahi ni ma nikel na yi amfani da shi a digiri na biyu, kuma ban taɓa tsarkake KOH ɗina ba. Yaya ake yi?