Kullum sai na fara abu da zafi na watsar, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin a ɓoye sunana don Allah. Na yi HND a harkar akanta, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai kawuna ya ce na dawo shagonsa a Kantin Kwari. Shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu, shi ya biya min kuɗin makaranta, har ɗakin da nake kwana nasa ne, don haka ba na iya ɗaga ido na kalle shi. Muna sayar da shadda, atamfa da leshi. Matsalata ita ce ban ga ina gaba ba. Na fara koyon kwamfuta a YouTube na bari. Na fara tashi karatu bayan asuba na bari. Na sayi littafin rubuta kuɗin da nake kashewa, yana nan shafi biyu kawai na cika. Abokaina wasu suna Abuja, wasu sun yi aure, ni kuwa gidan su yarinyar da nake nema sun fara cewa na turo. Da dare na kasa barci, da rana na yi ta hamma a shago. Me zan yi?

Malamin firamare: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka ɗauki abu da yawa ne lokaci guda. A hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Zaɓi ɗaya, minti ashirin bayan asuba, kada ka ƙara komai sai ya zauna maka.

Tsohon ɗan Kwari: Yaro, bari na gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Kana zaune a kasuwar da mutanen Nijar, Chadi da Kamaru suke niƙo gari su zo sari, kana cewa ba ka ga gaba ba? Gangar jikinka ce a shagon, hankalinka yana Abuja. Na san irinku sarai: kwastoma ta shigo tana taɓa leshi, kai kana kan benci kanka a sunkuye kana danna waya, sai ta ce "nawa wannan?" sannan ka ɗago. Amsa min, ka san nawa kawunka yake saro dila? Ka san wa yake bi bashi? Ka san kalar da mutanen Maraɗi suka fi ɗauka? Idan ba ka sani ba, ba kasuwa kake zuwa ba, gadi kake yi.

Mai tambaya: Baba ba haka ba ne. Kawu ba ya bari kowa ya ga littafinsa, kuma wayar ma ai kaya nake ɗorawa a status.

Tsohon ɗan Kwari: Ka taɓa tambayarsa? Ubangida ba ya miƙa littafi ga yaron da yake zuwa bayan an gama jera kaya. Ka riga kowa buɗe shago wata uku ka ga. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma Sakhr al-Gamidi da ya ruwaito hadisin ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa har ya yi dukiya. Akantar da ka karanta ga inda za ta yi aiki: ka ce kawu ya ba ka lissafin bashi kaɗai ka tsara masa. Ta nan ake samun yarda, daga yarda ake zuwa sallama.

Maman 'yan biyu: Wallahi waya ce. Maigidana haka yake, daga isha'i yana majalisa sai sha biyu, ya dawo ya kama TikTok, da safe ya ce kansa na ciwo. Na yi magana har na gaji, mahaifiyarsa ma cewa ta yi na cika mita. Ga kuɗin data da aka ƙara a 2025, amma cefane sai an yi rigima. Allah dai ya shirya mana su.

Mai gyaran waya: Ni ban yarda da Baba ba. Shekara nawa yara suke yi a shago a rabu ba sallama ba komai? Ka nemi shiga 3MTT, shirin koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Abin da ya sa kake watsarwa kai kaɗai kake koyo, ba mai tambayarka ina aikin jiya. Cikin mutane sai ka ji kunyar fashi. Kamar adashi ne, wa yake tara kuɗi a aljihunsa?

Tsohon ɗan Kwari: Wanda ya kasa cika shafi uku na littafi shi za ka tura wani karatun? A bar yaro ya gyara inda yake tukuna.

Wata 'yar uwa: Ba ka faɗa mana ba, kawun yana biyanka ko kuɗin abinci kawai? Kuma kai me kake so, kasuwar ko aikin ofis? Rashin barcin nan ma in ya daɗe ka je asibiti, ba komai ne lalaci ba.

Wani ɗan uwa: Ka yi auren kawai, nauyi ne zai tashe ka da asuba.

Mai tambaya: Na gode duka. Maganar majalisa ba zan iya bari ba gaskiya, nan kaɗai nake samun sauƙin raina, kuma ƙwallo ƙarshen mako kawai nake kallo, sai in akwai Champions League. Sammako kuma mukulli yana hannun ɗan kawu, ba zan so a ce ina neman ture shi ba. Maganar biya akwai sarƙaƙiya, ba a nan ba.

Tsohon ɗan Kwari: To ka zo neman shawara ne ko neman wanda zai ce kana da gaskiya?

Mai tambaya: Baba ba ku fahimce ni ba ne. Mai gyaran waya, shi wannan shirin ana iya yi da waya ko dole sai da laftof?