Asalin kalmar "tea" da kalmomin da ke fita daga haruffanta

Ɗaliba daga Samaru:
Assalamu alaikum, malamaina. Muna koyon Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa a kan allo, a ɗakin kwananmu, kuma ina son sanin asalin kalmar "tea", da ma'anoninta, da kalmomin da ake samu idan aka jujjuya haruffanta uku.

Malami daga Kongo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Asalinta "te" ne a harshen mutanen Fujian da ke gaɓar tekun ƙasar Sin, kuma fataken Holan ne suka kai ta Turai ta jirgin ruwa, har ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Namu "shayi" kuwa daga Larabci muka aro shi, tushensa kuma "cha" ne na Sinanci. A Ingila kalmar tana nufin ganyen da abin shan, a wasu yankunan ma har da abincin maraice.

Ɗan wasa daga Tudun Wada:
Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Ƙanwata, za ki samu "eat" da "ate", sannan "eta", harafi na bakwai a Girkanci, wanda ƙamus ɗin wasan ya amince da shi. Kowane harafi maki 1 ne kacal, amma suna cike ƙananan gurabe sosai.

Uwargida daga Sabon Gari:
A teburin mai shayi kuwa, ko Bournvita da madara aka haɗa babu ganye, wasu "tea" suke ce masa.