Muhawara: a fara da tafi ko da do-re-mi a allo?

Malamar aji 2: Assalamu alaikum. Ga maganar da na yi a ɗakin malamai aka yi mini ca: yaron da bai kai shekara 8 ba, kada a rubuta masa do-re-mi, wato sunayen sautukan waƙa, a allo. Yara 64 ne a ajina. Ranar da na ja layukan nan biyar da ake rubuta sautukan waƙa a kansu na fara bayani, kafin minti 5 yaran da ke baya sun fara tsungulin juna. Washegari na fitar da su gindin darbejiya, muka yi da'ira irin ta gaɗa, ina bayarwa suna amshi da tafi. Har aka kaɗa ƙararrawa babu wanda ya nemi zuwa fitsari. Kunne ke fara koyon waƙa, ido sai daga baya.

Malamin CCA (darasin al'adu da fasahar ƙirƙira): Wa alaikumus salam. Malama, ban ƙi ta taki ba, amma jarrabawa a takarda ake yin ta. Manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, ta haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda, lokacin bai taka kara ya karya ba. In muka ƙarar da shi a tafi, me yaro zai rubuta ƙarshen zango?

Hedimasta mai ritaya: Malam, abin da Malama ta gani, wasu sun gan shi tun da daɗewa. Zoltán Kodály na ƙasar Hangari a kan haka ya gina tsarinsa: yaro ya fara da muryarsa da waƙoƙin harshen uwarsa, ya ji sauti ya rera shi, sannan a nuna masa alamarsa. Carl Orff a Jamus ma da magana da tafi da buga ƙafa yake farawa. Babu ɗayansu da ya ce a jefar da rubutu. Jeri ne kawai: a ji tukuna, a rubuta daga baya.

Maman ɗalibi: Ni damuwata daban ce. Baban yarana ba zai yarda a ce ana koya musu kiɗa ba. Ranar da ƙaramar ta dawo tana buga ƙwarya da ludayi sai da aka yi faɗa a gidan.

Malamin Islamiyya: Hajiya, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma uba yana da hakkinsa. Amma abin da Malama ta faɗa murya ce da tafi. Mu ma da rerawa muke cusa wa yara haruffa da sunayen watanni. Ki ce su faɗa a bushe, rabi sun manta kafin la'asar. Ki sa musu kari, har a hanyar gida suna yi.

Ɗan gidan makaɗa: Baba Hedimasta ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mahaifina bai taɓa nuna mini takarda ba. Da baki yake faɗin kiɗan, in maimaita da baki, sai ya gamsu sannan ya miƙo mini kalangu. In ka matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, in ka saki ya sauka, kamar yadda Hausa ke hawa da sauka. Yaron da ya bambance "baba" na uba da "baba" na rini ai ya riga ya san hawan murya da saukarta. Da wannan za a kama shi.

Malamin CCA: Na ji. Amma kai kaɗai ne a gaban mahaifinka. Malama na da 64. Wa zai gane wanda ke motsa baki kawai?

Malamar aji 2: Shi ya sa nake raba su gida huɗu, kowane gida ya yi amshi shi kaɗai. Akwai wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tun farkon zango. Makon jiya na ce ta bayar, ta bayar da ƙaramar muryarta, ajin duka ya amsa mata.

Malamin CCA: To, aji 3 dai zan ci gaba da rubuta musu. Na aji 2 kuma, yaushe ne darasin naki?

Malamar aji 2: Talata bayan tara. Ka zo ka tsaya wajen na baya, Malam.